Masu Bin Sawun Wuta: Rewayan Tirela a Kafanchan

Da la'asar sakaliya aka shigo da motar cikin garejin. Tirela ce mai kan DAF, an shaƙe ta da buhunan busasshiyar citta, an lulluɓe da tamfol an ɗaure tamau, Legas za ta. Direban ya so ya kama hanya tun azahar, sai yaron motarsa ya lura da abin da ke faruwa a baya. In aka taka birki, maimakon danja ta kama jawur, sai ta yi dishi-dishi kamar garwashin da toka ta rufe, sigina kuma ta ɗan haska tare da ita alhali ba wanda ya taɓa ta. In aka ba da siginar hagu, sai fitilun baya gaba ɗaya su shiga ƙiftawa, wannan ta mutu waccan ta kama. Wanda ke biye da motar nan cikin dare ba zai san ko tsayawa za ta yi ko kwana za ta sha ba.

Maigidan garejin, wanda kowa a wurin ke kira Oga, bai ɗauki sifana ba, bai kwance komai ba. Ya tura yaronsa ɗaya ya hau kujerar direba, shi kuma ya zagaya baya ya tsaya, ya goya hannuwa.

"Taka!"

Yaro ya taka.

"Saki. Ba ni hagu. Kashe. Ba ni dama. Kunna fakin, ka sake takawa."

Ya ɗau tsawon lokaci yana kallo kawai. Sannan ya ce a miƙo masa wata doguwar waya mai maƙali a kowane baki. Ya maƙala baki ɗaya a jikin batir, ɓangaren da ke haɗe da ƙarfen mota, ya ja ɗayan zuwa bodi, ya kankare fenti a shasi da bakin sukundireba ya maƙala. Ya sake cewa a taka. Danja ta kama jawur gefe biyu, sigina ta yi shiru abinta. Sai ya cire wayarsa ya nufi bayan kan motar, inda kebul ɗin nan mai murɗe-murɗe ke fitowa ya shiga bodi. Ya zare soket ya warware bayansa. Farar wayar da ke ciki ta koma kore saboda tsatsa, 'yan silla biyu ko uku ne suka rage suna riƙe da ita, yana taɓawa suka tsinke. Ya datse ruɓaɓɓen, ya feɗe sabon wuri har jan ƙarfe ya fito yana ƙyalli, ya murɗe ya ɗaure. Ya bi can baya ya kwance notin da farar wayar ke kama shasi, ya goge da samfefa, ya shafa giris ya mayar. Aikin da ya hana mota mai ɗauke da dukiyar mutane tafiya rabin yini ke nan.

Dalilin abin ba boyayye ba ne ga wanda ya koya. Wuta ba ta fita sai tana da hanyar komawa. Daga batir takan bi waya ta shiga ƙwan fitila, ta ratsa siririn zaren da ke ciki ya yi zafi ya haska, sannan ta koma inda ta fito. A mota, hanyar komawar nan ƙarfen jikin motar ne, shi masu sana'ar ke kira at. Tirela kuwa jiki biyu ce, kai da bodi, kuma inda suka haɗu, wato tantebur, cike yake da giris da ƙura, ba ya ba wuta hanya sai jefi-jefi. Shi ya sa aka keɓe waya guda, farar nan, domin ta dawo da wutar bodi zuwa kai. In ta tsinke, wutar birki sai ta nemi mafita ta cikin ƙwan sigina da na fakin, kamar ruwan da aka toshe wa kwata ya bi ta gidajen maƙwabta. Duk rewayan da ya ƙware, in ya ga fitilu suna shiga sharo ba shanu, wannan na kamawa a madadin waccan, at yake fara nema kafin komai.

Da aka zo biya ne magana ta tashi.

"Haba Oga, ai ko ƙwai ɗaya ba ka canza ba," in ji direban.

Oga ya yi murmushi ya nuna masa guntun ruɓaɓɓiyar wayar a tafin hannu. Aka ja, aka sassauta, aka daidaita. Wannan ja-in-ja ita ce babbar matsalar sana'ar a ganina. Mai faci yana nuna maka ƙusar da ya zaro, mai walda yana nuna maka ɗinkin ƙarfe, amma abin da rewaya ke sayarwa sanin inda ciwon yake ne, shi kuma ba a ganinsa da ido. Wanda bai iya ba sai ya kwana biyu yana warware wayoyi, ya sa ka sayi fitilu sababbi da filasha da rile, ka biya shi da daɗin rai domin ka ga ya sha wahala. Wanda ya iya ya gama cikin rabin awa, ka ga kamar ya cuce ka.

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan da muka sani yau. Tun 1927 ta zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, daga baya aka ja reshe har Maiduguri a 1964. Jirgi ya tara mata ma'aikata da masu sana'ar hannu daga ko'ina, ya kuma ɗauki kayan da ƙasar ke fitarwa. Da harkarsa ta durƙushe, kaya suka koma kan titi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga nan kudancin Kaduna take fitowa, daga Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a. Cittar nan, da masara, da doya, da katako, a bayan manyan motoci suke fita, siminti da taki da kayan masarufi kuma a bayansu suke shigowa, ta hanyar Kwoi zuwa Keffi, ko ta Zonkwa da Kachia zuwa Kaduna, ko ta Kagoro da Manchok zuwa Jos, ko ta Gidan Waya a faɗa babban titin Akwanga. Ko'ina hawa ne da gangara da kwana. A irin wannan ƙasa, fitilun baya su ne bakin da tirela ke magana da wanda ke biye da ita.

Sunan sana'ar daga bakin masu mota ya fito: rewaya, wasu su ce mai wayarin. Yawanci ba shi da gareji nasa shi kaɗai. Za ka same shi a kusurwar babban fili, tsakanin makaniken inji da mai walda da mai faci, da 'yar rumfarsa ta kwano da benci da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: filaya, sukundireba manya da ƙanana, reza ko wuƙar feɗe waya, salatif, dalma da abin narka ta, samfefa, mita ga wanda ya saya. Sarkin kayan kuwa testa ne, kuma sau da yawa shi ya haɗa abinsa: ƙwan fitila ɗaya da aka jona wa waya biyu, ɗaya a maƙala a jikin ƙarfe, ɗaya a riƙa dangwalawa. In ƙwai ya kama, wuta ta iso nan. In bai kama ba, a koma baya. Haka yake bin ta gaɓa-gaɓa, daga fiyus zuwa makunni, daga makunni zuwa soket ɗin kai, daga nan zuwa na bodi, har ƙarshen mota. Tsofaffin hannu sun fi yarda da testa a kan mita a wannan aikin, kuma suna da hujja. Silin waya ɗaya tak ya isa ya sa mita ta nuna cikakkiyar wuta, amma ba zai iya ɗaukar nauyin ƙwai ba. Testa yana jan wuta kamar yadda fitila ke ja, don haka ba ya ruɗuwa.

Soket ɗin da ke haɗa kai da bodi ƙafa bakwai gare shi, kuma masu ƙera motoci sun daɗe da yarjejeniya a kan launin kowace waya. Fara ita ce at. Ja ta birki ce. Rawaya ta siginar hagu, koriya ta dama. Baƙa da ruwan ƙasa na fitilun fakin da na gefe. Shuɗiya ta ƙarshe aikinta ya danganta da irin motar. Wannan shi ne karatun farko da ake ɗora wa yaro, ya haddace shi kamar sunayen 'yan gidansu. Sababbin motocin Turai suna zuwa da soket mai ƙafa 15, da wani daban na na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, amma mai bakwai ɗin nan shi ya fi yawa a hanyoyinmu.

Sai dai karatun launi a kan sabuwar mota yake aiki. Bodin da ya shekara ashirin yana yawo tsakanin Apapa da Maiduguri ya ratsa hannun rewaya ba adadi, kowa ya jona da abin da ya samu a lokacin. Waya za ta taso ja daga gaba, ta koma shuɗiya a tsakiya, ta iso baya a matsayin wayar fanka ta cikin gida. Bodi da yawa ma a nan ƙasar aka ƙera su, mai walda ya gama nasa a kira rewaya ya ja wuta yadda ya ga dama. Shi ya sa Oga ke gaya wa yaransa kada su yarda da launi sai testa ya shaida.

Akwai kuma rikicin ƙarfin wuta. DAF da MAN da Iveco da Marsandi da Howo ta Sin duk bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu a jere. Mack ta Amurka kuwa bolt 12 ce. A harkar dako ana musayar bodi, kan da ya kawo wannan yau gobe wani zai ja. In aka ɗaura bodi mai ƙwayayen 12 a kan mai 24, taka birki ɗaya ya isa ya ƙone ƙwayayen danja duka. In aka yi akasin haka, fitilu za su kama amma kamar aci-bal-bal, sai ka zo daf da mota kafin ka gan su. Ƙwan birki da na sigina wat 21 ne, na fakin wat 5, akwai kuma mai zare biyu da ya haɗa 21 da 5 a ƙwai ɗaya. Ko shi in aka cusa shi a juye, sai fakin ya fi birki haske, na baya ya kasa bambance lokacin da aka taka.

Wannan ciwon kai ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, inda mutane ke jan ɗan gida mai taya a bayan motarsu su tafi hutu, ƙaramin soket ɗinsu waya huɗu ne kawai, domin birki da sigina waya ɗaya suke bi a kowane gefe, ƙwai ɗaya ja ke yin aikin biyu. Tsarin Turai da Japan kuwa ya raba su, sigina ruwan lemo daban, birki ja daban. To in aka kawo wa rewayan Kafanchan ɗan bodin jan janareta ko tankin ruwa da aka yi wa wayarin Amurka, a ce a haɗa shi da Hilux, sai ya tarar waya biyar na neman shiga rami huɗu. Ko dai a samo ɗan akwatin da ke haɗe birki da sigina, ko kuma, abin da aka fi yi a nan, a ƙara wa bodin fitilun sigina nasa a ja musu waya.

Kayan aikin daga nesa suke zuwa. Waya da ƙwayaye da soket da fiyus galibi daga Sin ake shigo da su, su sauka a Legas ko Onitsha ko Nnewi, 'yan kasuwa su kawo su shagunan kayan mota na cikin gari. Abin da ba a samu a Kafanchan ba, a aika Jos ko Panteka ta Kaduna, a ba direban motar haya ya taho da shi. Akwai kuma na gwanjo, wanda ake kira Beljiyam, daga kasuwar Ladipo: fitilu da rile da damin wayoyin da aka zare daga motocin da aka yanka a Turai. Rewaya da yawa sun fi son tsohuwar wayar Beljiyam a kan sabuwa ta kwali, kuma ba son gwanjo ne ya kawo haka ba. Kasuwa ta cika da wayar da cikinta alminiyam ne aka yi masa wankan jan ƙarfe. A ido ba ka bambancewa. Sai ka kankara da reza ka ga fari ya fito, ko ka kara mata ashana ka ga sillayen sun lanƙwashe sun zube, alhali na jan ƙarfe na gaske ja kawai za su yi su tsaya. Irin wannan waya ba ta ɗaukar wuta yadda ya kamata, ba ta jure girgiza, dalma ba ta kama ta da kyau, kuma damina ɗaya ke mayar da ita gari. Araha ba ta ado. Amma mai mota da ke Kano ko Legas, wanda ta tarho ake gaya masa farashi, sau da yawa mai arahar yake cewa a saya.

In aka ce a sake wa bodi wayarin gaba ɗaya, aikin yini guda ne ko fiye. Bodi mai ƙafa 40 ya haura mita 12, don haka ana auno kebul mai 'ya'ya bakwai da rara, saboda lanƙwasa da hawa da sauka. Ana bi da shi ta cikin lungun shasi inda dutse da taya ba za su same shi ba, a ɗaure shi tazara-tazara kada ya yi lilo. Duk inda zai ratsa hudar ƙarfe sai an naɗa masa robar tsohon tiyub, domin bakin ƙarfe wuƙa ne, a hankali yake yanka har ranar da zai kai ga jan ƙarfe wuta ta haɗu. A can baya ake rarraba shi: hagu, dama, fitilar lamba, fitilun gefe. A wurin jonin ne ake gane hannu. Mai gaggawa murɗewa yake yi ya naɗe da salatif, wata biyu zafin rana ya saki gam ɗin, ruwa ya shiga. Mai tsoron Allah yana narka dalma ta ratsa sillayen, ya rufe, ya juya bakin jonin ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta ba. Daga waje duk ɗaya suke, sai bayan wata shida ake sanin wanda aka yi wa aiki.

Abin da ya fi ɓata wa masu sana'ar rai shi ne abin da ake yi wa fiyus. An yi shi ne domin ya ƙone a madadin mota: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kowanne da iyakar abin da zai bari ya wuce. Fiyus ya ƙone sau biyu a jere, ma'anarsa akwai inda waya ta feɗe tana taɓa ƙarfe. Amma a kan hanya, cikin dare, sai yaron mota ya naɗa masa silin waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli, fitila ta kama, a ci gaba da tafiya. Daga nan wayar kanta ce za ta zama fiyus, ta yi zafi ta narke cikin damin 'yan uwanta a ƙarƙashin dashbod. Motoci da dama da ake gani sun ƙone ƙurmus a gefen titi daga nan wutarsu ta tashi.

Damina ita ce kakar aikin. Kudancin Kaduna ƙasar ruwa ce, daga Afrilu har Oktoba ana sheƙawa, kuma taya na watsa laka kai tsaye cikin fitilun baya. Gilashin da ya tsage yana tara ruwa har ƙwai ya yi iyo a ciki. Soket yana yin kore. Motar da ta kwana biyu a sito tana jiran lodin masara, ɓera ya shiga ya ci robar waya. Mai walda ya zo ɗinke shasi ya babbake kebul bai sani ba, in ma ba a cire kan batir ba ya haɗa da altaneta. Ga masu zare fitilu da kebul a inda motoci ke kwana, abin da ya sa direbobi da yawa ke sa a yi wa fitilunsu kejin ƙarfe.

Shi birkin tirela kansa da iska yake aiki, ta tiyo biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kebul ɗin wuta, ja da rawaya a motocin Turai, ja da shuɗi a na Amurka. Wannan fagen makaniken iska ne. Inda rewaya ya shigo shi ne makunnin danja, wanda a manyan motoci da yawa matsin iskar birki ne ke tura shi. In ya mutu, mota za ta tsaya lafiya lau amma bayanta duhu. In ya maƙale, danja ba za ta mutu ba ko an saki birki, wannan ma haɗari ne, domin na baya zai saba da ganin ja har ya daina kula. Sigina kuma tana da nata lissafin. Ƙa'ida ita ce ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti, kuma an ƙera filasha yadda in ƙwai ɗaya ya mutu za ta canza gudu ko ta kashe 'yar alamar da ke gaban direba, don ya sani. Da fitilun LED suka shigo, masu haske da jure girgiza, sai ga sabuwar matsala: wutar da suke ja ba ta taka kara ta karya ba, sai filasha ta ɗauka ƙwai ya mutu. Dole a canza ta, ko a jona wani abu da zai ja wutar da ƙwan da ake da shi a da yake ja.

Koyon sana'ar shekaru yake ci, uku zuwa biyar ko fiye, gwargwadon kan yaro. Uba ko yaya ne ke kawo shi ya damƙa wa Oga amana. Shekarar farko aike ne da wankin kayan aiki da zama a kujerar direba ana ce masa taka, saki. Daga nan a bar shi ya canza ƙwai, ya feɗe waya ba tare da ya yanke silla ba, ya kwance kik da altaneta ya wanke. Sai can a sake masa mota ya nemo ciwonta da kansa, Oga na gefe yana kallo bai ce uffan ba. Ranar yaye ana taro, a ci a sha, a yi masa addu'a, a ba shi takarda da 'yan kayan aiki. A garejin da nake ba da labari akwai yaran Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Hausawa, mai shagon kayan da ke kusa Ibo ne, kuma Hausa ce harshen aiki. Garin da ya ga tashin hankali a 1987 da 2011 ya san darajar wurin da ɗan coci ke riƙe wa ɗan masallaci tocila a ƙarƙashin mota.

Kuɗin shiga kashi biyu ne, na kaya da na aiki. Na kaya mai mota ke biya, rewaya ya ɗan samu ragin da mai shago ke yi masa. Na aiki kuwa ba shi da tsayayyen farashi, ciniki ne, kuma ya danganta da wanda ke tsaye a gabanka: direban kamfani mai neman rasit, ko mai mota ɗaya da ke bin bashin gas. Daga ciki ake ba yara na abinci da na mota, a biya kuɗin fili da na ƙungiya, domin galibinsu suna ƙarƙashin ƙungiyar makanikai ta NATA. Gyaran fitila shi kaɗai ba ya riƙe gida. Kik da altaneta da cajin batir su ne ke kawo mai ɗan kauri. Shekarar 2023 ta taɓa su ta ko'ina. An cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, an saki naira a Yuni, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kuma duk abin da rewaya ke taɓawa da dala aka shigo da shi. A daminar 2023 kuma cuta ta faɗa wa citta ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Lodi ya ragu, motocin da ke shigowa suka ragu. Ga bashi: direba ya ce sai ya dawo daga Legas, wani ya dawo, wani an canza masa hanya.

Wahalar jiki kuma ba a magana. Kwanciya a kan tsakuwa ko cikin caɓi a ƙarƙashin bodi, ƙasa na zuba a ido. Ruwan batir na cin riga da fatar hannu. Bolt 24 ba ya jan mutum, amma in sifana ta haɗa kan batir da ƙarfe, tartsatsin na iya narka zobe a yatsa, shi ya sa ba ka ganin rewaya da zobe ko agogon ƙarfe a bakin aiki. Sai kiran dare: mota ta mutu a daji wajen Godogodo ko hanyar Kachia, ba fitila ko ɗaya, a zo a taimaka. Ya hau babur da tocila da testa, a hanyoyin da kowa ya san halin tsaron da suke ciki. Da yawa yanzu sai gari ya waye suke zuwa, kuma ba mai ganin laifinsu.

Sababbin motoci sun zo da wani ƙalubalen. A cikinsu kwamfuta ce ke rarraba wutar fitilu, tana auna abin da kowace ke ja, in ta ga ba daidai ba ta yanke layin. Dangwala testa a inda bai dace ba yana iya ƙona akwatin da kuɗinsa ya fi abin da rewaya ke samu a wata da watanni. Matasan cikinsu sun fara sayen na'urar da ake jonawa ta karanto ciwon mota, suna kallon zanen wayarin a wayar hannu. Wannan shi ne inda ya kamata kwalejojin fasaha da hukumomin koyar da sana'a na jihar Kaduna su shigo, su ɗauki waɗanda suka riga suka iya aikin hannu su ƙara musu karatun zane da na'ura, ko da na 'yan makonni ne.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an KASTLEA na jiha suna tare mota a kan fitila, suna kuma matsa wa manyan motoci su manna tef mai ƙyalli a baya da gefe. Tef ɗin yana da amfani, amma ba ya gaya wa kowa cewa an taka birki. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga Kagoro cikin hazon damina, ko ya bi bayan tirela a Hawan Kibo da dare, ya san abin da jan hasken nan yake nufi ga mai ƙaramar mota cike da fasinja, ko ɗan acaba da goyon mace da jariri. Ƙwan danja ɗaya bai kai kuɗin litar gas ɗaya ba.

Don haka kirana ga direbobi da iyayen gidansu: kafin mota ta bar Kafanchan, a tsayar da yaro a baya a taka masa birki, a ba shi hagu a ba shi dama, a kunna fakin a sake takawa. In an ga abin da ba daidai ba, a kai ta wurin rewaya tun da sauran rana, a saya masa wayar jan ƙarfe ta gaske, in ya gano ciwon cikin rabin awa kuma a biya shi haƙƙinsa cikakke.